Mutumin da Ya Ɗaure Igiya a Jikin Falwaya

Liyakat ɗan Sohan, kai ka kashe Barkat, kai kuma ka mayar da ɗana abin da ya zama yau. Na faɗa a ƙofar gidanka, ka rufe taga. Na faɗa a gaban Fasto Imtiyaz, ya ce in sha ruwa in zauna. To yanzu na sa an rubuta. Ni Sardaran ban taɓa zama a aji ba, shekara talatin da huɗu na yi ina share titunan birnin nan. Malama Surayya ta makarantar Lahadi ce ta riƙe mini alƙalami, na kuma gaya mata idan ta tausasa mini kalma ɗaya, Allah yana gani.

Na ji ran Lahadi mai zuwa za a ɗora maka hannu ka zama dattijon ikilisiya. Kafin wani hannu ya taɓa kanka, jama'a za su ji wannan.

Ya 'yan'uwa cikin Almasihu, maza da ke zaune a dama da mata da ke hagu, ku saurara.

An yi wani mutum a unguwar nan tamu ta bayan layin dogo. Ba zan kama sunansa ba. Ni na haife shi, ni na yi masa wankan farko, kuma yawancinku kun ci shinkafar bikinsa. Amma yau zan ba da labarinsa kamar na baƙo, don kada tausayin uwa ya sa in rage wani abu.

Mutumin nan ya gaji aikin ubansa, shiga ramin kwata. Wasunku yanzu sun samu aikin ofis da na asibiti, sun manta yadda ake yi, bari in tuna muku. Mutum biyu ke aikin. A ɗaga murfi, a ɗaga na gaba da shi, a jira iskar rami ta fita gwargwadon shan shayi. A zura fitila da igiya. In ta mutu, babu mai shiga. In ta ci gaba da ci, ɗaya ya tuɓe, ya shafa man mustad, man girkin nan namu, a jiki, a ɗaura masa igiya a ƙarƙashin hammata, ya sauka da gora da bokiti. Ɗayan ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa ya tsaya a baki. Ba ya zama. Ba ya shan taba. Ba ya amsa gaisuwa da hannu. Domin iskar nan ba duka take fita ba, wata tana kwance a ƙarƙashin laka, sai an tsokane ta da gora ta tashi, kuma ba ta ba mutum damar ihu. Numfashi biyu, ya faɗi. Abin da ya rage masa a duniya shi ne hannun da ke sama.

Mutumin nan yana da abokin aiki, Barkat. Tare suka taso, tare aka yi musu baftisma. Gajere ne mai manyan kunnuwa, muryarsa kamar ana jan kwano a kan siminti. Su biyun suna da ƙa'idarsu: yau kai ka sauka, gobe ni. Kuma wanda ke ƙasa ba ya yin shiru, Zabura yake rerawa tun daga saukarsa har fitarsa. In waƙa ta yanke, na sama ba ya tambaya, ja yake yi.

Na sha wucewa da tsintsiyata in ji su.

"Barkat, don Allah canja waƙa, kyankyasai sun fara gudu."

Daga ƙasa sai ka ji: "Ba gudu suke ba, tuba suka yi. Kai kaɗai ka rage."

Shekara goma sha ɗaya suna haka. Wata rana, a layin masu rini, mutumin nan ne ke ƙasa, waƙarsa ta yanke a tsakiyar baiti. Barkat ya janyo shi shi kaɗai, ƙafa ashirin, har igiya ta yanke masa tafin hannu biyu. Sati uku Nargis, matar Barkat, ke ba shi abinci a baki. Da na je yi masa godiya sai ya ce, "Masi, ki rage ba shi man shanu, ya yi nauyi." Masi, wato inna, haka ake kirana.

A shekarun nan mutumin nan bai taɓa ɗaga murfi bai yi addu'a ba. Wa ya koya masa? Ba ni ba, ni bakina zagi ya fi sabawa da shi. Barkat ke yi, shi ma ya ɗauka. Barkat ba ya shiga gida da kayan aiki sai ya yi wanka a famfon waje, shi ma haka. Barkat yana kai 'yarsa makaranta a kafaɗa, shi ma ya fara kai nasa. Babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa wa'azi. Tafiya kawai suke tare, halin ɗaya yana zuba cikin ɗaya.

Sai Liyakat ya dawo daga Lahore da babur, da lasifika biyu, da fararen kaya masu sitaci.

Nan zan faɗi laifina, don kada a ce tsohuwa ta ɓoye nata. Ranar da ya fara shigowa gidanmu ya zo da kwalin alawar jalebi, ya durƙusa na shafa kansa, ya ce, "Masi, ɗanki ya fi ƙarfin rami. Dubi fuskarsa, wannan ai ɗan sarki ne." Na ji daɗi. Ni da na kwashe ƙazantar mutane har bayana ya tanƙware, na ji daɗi an ce ɗana ya fi ƙarfin aikin da ya ciyar da shi. Na ce a raina, yau dai ya samu aboki mai ƙamshin turare. Na ba shi kofin da muke ajiye wa Fasto. Barkat kuwa, da ya yanke hannu saboda ɗana, a bakin ƙofa nake miƙa masa shayi, ban taɓa lura ba sai yanzu.

Abin da Liyakat ya fara ba shi tattabaru ne guda biyu, kyauta. Mene ne laifin tattabara? Babu. Allah ya halicce ta. Amma tattabara tana son akurki a saman soro, akurki yana son mai zama kusa da shi, mai zama kuma yana son abokan hira. Kafin wata uku, soron gidana ya zama majalisa. Ana shan abin da ake sha, ana zuƙar abin da ake zuƙa, ana caca a kan tsuntsun wa zai fi daɗewa a sama.

Bakin mutumin nan ne ya fara canjawa. Kalmomin da ban taɓa ji a gidana ba suka fara saukowa daga soro, har jikana ɗan shekara huɗu ya maimaita ɗaya a gaban baƙi.

Sai Lahadi. Gasar tattabaru ran Lahadi ake yi, a saki tsuntsaye da sassafe, masu su su zauna suna kallon sama har yamma. Ya fara zuwa sujada a makare, ya koma zuwa ya tsaya wajen takalma, ya koma ba ya zuwa. Liyakat kuwa wayo gare shi. Zai zo da wuri ya haɗa lasifika, ya gaisa da Fasto hannu biyu, ya rera baiti ɗaya da ƙarfi a ji muryarsa, ya sulale ta ƙofar baya.

Sai abinci. Man shanun da nake ajiye wa yara, da 'ya'yan badam, irin gyaɗar nan mai tsada, da surukata ta saya don mai jarrabawa, suka fara ɓacewa. Tattabaru ake ba don su yi ƙarfin fiffike. Da matarsa ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa akuya hannu ba.

Sai abin da ya fi duka muni: ya fara jin kunyar Barkat.

Wata yamma Barkat ya hau soro neman sa. Ya miƙa wa Liyakat hannu, Liyakat ya dafa ƙirji ya ja baya, ya ce, "A'a, ga Bishop na ƙarƙashin ƙasa. Ranka ya daɗe, ka tsaya daga can, iska ta nan take kaɗowa."

Barkat ya ce, "Warin gidanku ne, Liyakat. Jiya na yashe layinku."

Wasu suka yi dariya. Amma da Liyakat ya toshe hanci da hankici, mutumin nan ma ya yi dariya, ya fi kowa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji muryar ɗana a ciki. Barkat ya sauko, ya gaishe ni, ya tafi. Washegari da safe yana bakin ƙofa da igiya a kafaɗa kamar kullum.

Sau ɗaya na ji ya yi masa magana. Ya ce, "Ɗan'uwa, mai riƙe igiya ƙasa yake kallo. Kai wuyanka ya koma sama."

Mutumin nan ya ce, "Kai dai yi waƙarka, ka bar mini wuyana."

Ya 'yan'uwa, akwai wanda ya taɓa kwana mutumin kirki ya tashi mugu? Babu. Kaɗan kaɗan ake cin mutum. Dariya ɗaya, Lahadi ɗaya, mari ɗaya. Shi kansa da kun tambaye shi a lokacin, zai rantse bai canja ba.

Ranar ta zo a cikin tsananin zafin da ke gaban damina, lokacin da ake yashe manyan ramuka kafin ruwa ya sauko. Asabar ce, ranar ƙarshen babbar gasa, wadda ita mako guda ake yi, ba Lahadi kaɗai ba. Mutumin nan yana da tattabara guda da ya sa wa suna Rani, ita ce begensa. An sake ta da fitowar rana, an buga mata hatimi a fiffike, alƙalin gasa ya zauna a soronmu da laima. Ƙa'idarsu, in tsuntsu ya sauka, mai shi da kansa zai kama ya nuna wa alƙali hatimin nan da nan. In ba ya nan, tsuntsu ya faɗi ko da ya fi kowa daɗewa.

Ya so ya ƙi zuwa aiki, amma babban rami ya toshe a bayan kasuwar yadi, ruwa ya fara shiga shaguna, shugaban aiki ya aiko sau biyu. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Kuma ranar tasa ce. Shi ya kamata ya sauka. Ku riƙe wannan da kyau. Ya ce wa Barkat, "Yau ka shigar mini, cikina ba daɗi." Ba cikinsa ba ne, so yake ya tsaya inda zai ga sama. Barkat ya dube shi, ya san ƙarya ce, ya tuɓe riga. Ya ce, "To. Amma gobe da jibi naka ne, kuma kai za ka sayi shayi."

Suka yi komai yadda ya kamata. Suka jira, fitila ta ci. Barkat ya sauka, waƙa ta fara tasowa daga rami.

Wajen ƙarfe huɗu Liyakat ya tsaya da babur. Abin da zan faɗa daga nan, Rafik mai shayin kwanar ne ya gani da idonsa ya ji da kunnensa, shagonsa taku goma ne daga bakin ramin.

Liyakat ya ce, "Mutumina, Rani ta fara yin ƙasa. Duk na saura sun sauka, ita kaɗai ta rage. Hau mu je."

"Barkat yana ciki."

"To cinye shi ramin zai yi? Ba ka ji yana ta yi wa ɓeraye waƙa ba? Minti biyar ne, mu je mu dawo."

"Ba a barin igiya."

"Wa ya ce ka bari? Ga falwaya nan, ɗaure a jiki. Ta fi ka ƙarfi ma. Shekara guda kana ciyar da tsuntsu badam, yau ka tsaya gadin kashi a ba wani kofi?"

Mutumin nan ya dubi rami, ya dubi sama. Ya warware igiyar daga wuyan hannunsa, ya ɗaure ta a jikin falwaya, ƙulli biyu. Bai ko leƙa ya ce wa Barkat ina zuwa ba, don ya san me Barkat zai ce. Ya hau babur. Rafik ya ce suna tashi waƙar tana nan tana fitowa.

Falwaya tana da ƙarfi, gaskiyar Liyakat. Amma tana da kunne? Tana jin waƙa ta yanke?

Tattabara ba ta sauka a minti biyar ba. Ta yi ta kewaya soro fiye da rabin awa. Ta sauka, ya kama, ya nuna hatimi, aka ɗaga shi sama ana tafi. Ina gida a lokacin, na ji tafin. Ban tambayi kaina wa ke riƙe da Barkat ba. Wannan tambayar za ta bi ni har kabari.

Da suka koma, ramin shiru. Rafik ya ce shi bai san lokacin da waƙar ta yanke ba, yana fama da masu shayi, kuma shi ina ya san ma'anar shirun? Mutumin nan ya kama igiya ya ja, ta ƙi zuwa, jikin ya maƙale a bakin bututun gefe. Ya kira suna sau uku. Sai ya kwance igiyar bokiti ya ɗaura a ƙirjinsa, ya miƙa wa Liyakat bakinta, ya ce, "Riƙe. In ka ji na yi nauyi, ja. Don girman Yesu kada ka saki."

Liyakat ya fito da hankici ya naɗe hannu, sannan ya karɓa.

Mutumin nan ya sauka ba fitila, ba jira. Iskar da ta kayar da Barkat tana nan. Igiya ta yi nauyi, ta zame, ta goga a hannun farar riga ta bar baƙin layi. Rafik ya ce Liyakat ya dubi hannun rigarsa. Ya dubi mutanen da suka fara taruwa. Ya buɗe hannu. Ya ce, "Bari in kira mutane." Ya hau babur, ba a sake ganinsa a kwanar ba.

Rafik ne ya yi tsalle ya taka bakin igiyar kafin ta shige. Rafik, Musulmi, wanda yake ajiye mana kofi daban mai tsagaggen baki a kan ƙusa, shi ya kama igiyar kwata da hannunsa tsirara, shi da wani ɗan dako da ba wanda ya san sunansa. Suka fito da mutumin nan da rai. Barkat sai bayan awa biyu aka fito da shi.

To ku zo ku ga wanda aka fito da shi da rai. Ƙofata a buɗe take. Shekara biyu ke nan yana zaune a kan gado a tsakar gida. Iskar ta cinye masa kai. Ni nake ba shi gurasar roti jiƙaƙƙiya a baki, ni nake wanke shi, mutum mai shekara talatin da takwas. Bai san 'ya'yansa ba. Matarsa ta kwashe su ta koma ƙauyen ubanta, ban kuma ga laifinta ba. Ba na iya shanya a gidana, don duk igiyar da ya gani sai ya kama ya yi ta ja, yana ja yana gumi, har ta tsinke ko ya faɗi.

Kwana uku bayan abin na hau soro da wuƙa. Na yanka tattabaru uku. Sauran suka tsere mini, suka yi kewaye ɗaya a sama, suka sauka a soron Liyakat, inda aka ƙyanƙyashe iyayensu. Har da Rani. Tana can. Kofin gasar ma yana can, wai yana ajiye wa abokinsa.

Ranar jana'izar Barkat, wa ya kafa lasifika? Liyakat, kyauta. Wa ya fi kowa kuka a maƙabarta? Wa ya gaya wa 'yan sanda da dattawa cewa shi ranar bai taka bayan kasuwar yadi ba, yana soro tun safe? Aka rubuta hatsarin aiki, aka rufe. Na yarda ni ma. Har na gode masa, ya rungume ni ya ce, "Masi, ni ɗanki ne yanzu."

Watan jiya na bi ta kwanar, Rafik ya kira ni. Ya zuba mini shayi a kofin da yake ba kowa, na ɗauka kuskure ya yi. Ya kira ni da girmamawa, ya ce, "Bibi, sha. Na ji wai mai babur ɗin nan za ku naɗa babba a cocinku."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Ni na yi shiru don tsoron 'yan sanda, ina da 'ya'ya. Amma wannan ya yi yawa. Zauna in gaya miki." Ya kuma ce duk inda aka kira shi zai maimaita.

Daga nan ban je gida ba, gidan Fasto na wuce. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Masi Sardaran, zuciyarki tana ciwo, na sani. Amma maganar mai shayi ce kawai. Kuma ko da gaskiya ne, Ubangiji ya umarce mu mu gafarta."

Na ce, "Fasto, wa zan gafarta wa? Mutumin ya ce ba ya wurin. In gafarta wa wanda ba ya wurin?"

Ya ce, "Liyakat ya yi wa ikilisiya hidima da yawa."

Na ce, "Lasifika ce ta yi. A naɗa lasifikar."

Ya ce in sha ruwa.

Ban iya karatu ba, amma kunnena shekara sittin yana cikin majami'ar nan. Na ji an karanta mana labarin mutanen da suka ɗauko abokinsu shanyayye, suka rasa hanya saboda taro, suka hau soro suka buɗe rufi suka zura shi har gaban Yesu. Duk lokacin da aka karanta, ni hannuwansu nake gani, don na san nauyin mutum a kan igiya. Da ɗaya daga cikinsu ya saki don kada rigarsa ta ɓaci fa? Ubangiji ya dubi bangaskiyar abokan, ya tashi mutumin. Na kuma ji an karanta cewa wanda ya sayar da Ubangijinmu ba baƙo ba ne, a akushi ɗaya suke sa hannu, kuma da sumba ya zo.

Ba na wanke ɗana. Hannunsa ne ya yi ƙullin nan biyu. Allah ya ba shi aboki irin wanda uwa ke roƙo a gwiwa, ya yi masa dariya a gaban 'yan caca, ya tura shi rami a ranar da ba tasa ba, ya bar shi da falwaya. Zunubinsa ne, yana kuma biya a gabana kowace safiya, ni ma ina biya tare da shi. Amma mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya bai saki igiya ba, ba shi ne wanda ya hau babur ba. An ƙera wannan na biyun ne a saman sorona, shekara guda cur, ina ƙasa ina aika musu shayi.

Samari, ku dubi wanda kuke zama da shi. Bakinsa zai zama bakinku. Abin da yake rainawa za ku raina, ko da shi ne abin da ya raya ku. Ranar da za ku zaɓa tsakanin rai da wasa ba za a ba ku lokacin tunani ba, muryar da kuka saba ji ita za ku bi. Iyaye mata, kada farar riga da kwalin zaƙi su rufe muku ido yadda suka rufe mini. In ɗanki ya kawo aboki, ki duba yadda yake yi wa wanda ya fi shi talauci, ki saurari abin da ke ba shi dariya.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga abokin da zai koya mana raina masu ƙaunarmu. Ya kiyaye duk wanda zai sauka rami gobe da safe, ya tsayar masa da hannu mai aminci a sama. Ya ji ƙan Barkat, ya dubi ɗana in akwai sauran jinƙai a gare shi. Cikin sunan Yesu, amin.

Kada ku tashi, ban gama ba.

Na kai wa Nargis labarin nan kafin kowa, don hakkinta ne. Na ɗauka za ta yi kururuwa ko ta tsine wa gidana, kuma da ta yi da na durƙusa na karɓa. Tana ɗinki, ta tsayar da keke. Sai ta ce, "Masi, wace Zabura yake rerawa?"

Ɗana ba zai iya faɗa mata ba. Rafik bai san Zabura ba, shi waƙa kawai ya ji. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya tsaya a bakin ramin nan waƙar tana fitowa, ya kuma san kowace Zabura da ka, tunda shi ke riƙe lasifika.

Nargis wannan kawai take so. Ni na fi ta haɗama. Ina so a buɗe takardar da 'yan sanda suka rufe. Ina so tattabarun nan su mutu ɗaya bayan ɗaya a gabanka, Liyakat, ina so duk igiyar da ka gani hannunka ya yi rawa har ranar da za ka tsaya gaban Wanda ba a yi wa ƙarya. In wannan zunubi ne, ni da Ubangijina za mu yi maganar.

Ran Lahadi zan zo da ɗana a kan keken guragu, in ajiye shi a gaban bagade. Nargis za ta zauna kusa da shi, Rafik zai tsaya a bakin ƙofa. Fasto Imtiyaz, dattawa, kafin ɗayanku ya ɗaga hannu, ku tsayar da mutumin nan a tsakiya. Liyakat ɗan Sohan, ka dubi matar Barkat a ido, ka gaya mata wace Zabura mijinta yake rerawa lokacin da ka nuna falwaya. Ba zan fita daga majami'ar ba sai ka amsa.